Ban Zo da Dutse Ba

Asabar, 11 ga Maris 2017

Jamaluddeen. A nan kaɗai zan iya rubuta sunan gaba ɗayansa. A baki sai dai Malam, yadda 'yan firamarensa ke kiransa. Wata biyu ke nan da kawo ni. Ciki da falo muke haya a nan Tambuwal, bayan kasuwa, amma ya ce na ɗan lokaci ne. Gidansu na gado yana Kebbe, can zai gina mini ɗakina.

Yau tun da sassafe ya hau babur ya tafi duba wurin. Da la'asar na yi kwalliya, na turara ɗaki, na zauna da littafi a hannu don ya same ni kamar ba jiransa nake yi ba. Ya shigo da jar ƙasa har gira, ya ce sannu da gida, ya tambaya ko akwai ruwan zafi.

A littafi a nan ne ake cewa ya tsaya cak a bakin ƙofa ya kasa magana. Shi ma ya kasa maganar, amma gyangyaɗi ne ya hana shi.

Lahadi, 2 ga Afrilu 2017

Ya kai ni Kebbe. Hanyar sai da ta kusa zubar mini da haƙora.

Gidan kango ne. Fili ne makeke, katanga ta zube, ban da zaure ɗaki biyu kaɗai ke tsaye. Ɗaya na Dada, kakarsa, ɗaya na Adda Atu, yayarsa, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta. Daga gabas ruwan damina ya ci ƙasa ya yi kwari, kowace shekara yana ƙara matsowa. Malam ya jera duwatsu a bakin kwarin, layi bisa layi. Ya nuna mini turaku da igiya ƙarƙashin wata tsamiya, ya ce nan ne ɗakina. Na tambaye shi yaushe. Ya ce, "Sai an ɗaure ƙasa tukuna, Rauda. In ba a ɗaure ta ba, ɗaki ba shi tsayawa."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duwatsun niƙa. Ga su nan yashe ko'ina cikin ciyawa, wasu a kife, duk cikinsu ya lotsa don aiki. Dada ta ce a gidan nan duk macen da aka kawo da dutsenta take zuwa cikin kayan ɗaki, in ta mutu kuma ba a fitar da shi. Ta riƙa nuna su da sanda tana kiran suna: wannan na uwar mijinta, wancan na Goggo Yelwa, wancan na Inna Mu'minatu, mahaifiyar su Malam. Adda Atu ma da nata ta dawo. Sai tsohuwar ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ɓarauniyar miji, ina naki? Ko hannu biyu anka kawo ki?"

Na ce ni bilenda aka saya mini. Dariyar da suka yi har Dada na tari. Shi ma ya yi. Ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai yau, kuma ba ni na sa shi ba.

Juma'a, 18 ga Agusta 2017

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ce masa irin wannan yanayi a littafi shayi ake haɗawa a zauna kusa da juna. Ya ce shi tunaninsa layi na uku na duwatsun kwarin, ko ya riƙe.

Asabar, 4 ga Nuwamba 2017

Layin ya riƙe, an faɗa mini har sau nawa.

Yau ya dawo a jiƙe har gwiwa. Wai gulbi ya biya, ruwa ya janye, ya ɗauko wani dutse ya kai Kebbe. Ya zauna yana kwatanta mini shi da hannu biyu: mai sulɓi, ruwan toka, da wani farin zare ya ratsa tsakiyarsa. Idonsa har ƙyalli yake yi. Ni da na yi sabon kitso yau, bai ga ko layi ɗaya ba.

Na tambaye shi na mene ne. Ya ce in lokaci ya yi zan gani.

Asabar, 12 ga Mayu 2018

Anisa ƙawata ta aiko hotuna a waya. Mijinta Ziyad ya gama gininsu a Sakkwato, tayil har banɗaki, fitilu na rataye kamar inabi. Tare aka yi bikinmu, mako ɗaya tsakani. Na rubuta mata masha Allah da furanni, na kife wayar.

Ta tambayi ina aka kwana da nawa ginin. Na ce ana kan harsashi. Ai ba ƙarya ba ce sosai, duwatsu ne dai.

Asabar, 27 ga Oktoba 2018

Ya sake zuwa gulbi. Na biyu. Wannan wai jaja-jaja ne.

Da mace ce da na san abin yi, na karanta hanyoyi sun fi ɗari. Amma dutse, me za ki fi shi da shi? Ba ya magana, ba ya neman komai, inda aka ajiye shi nan za a same shi. Ashe irin matar da yake so ke nan.

Alhamis, 6 ga Yuni 2019

Mun je yawon salla Kebbe. Dole in faɗi gaskiya, wurin ya sauya. Kwarin ya zama hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da bangon marmara, ƙasa ta cika bayansa. Ya dasa ciyawar jema a gefe don ta riƙe ƙasa, da lalle, da zogale. Duwatsun niƙan nan duk ya tono su, ya wanke, ya ba kowanne wurinsa, da ɗan shuka kusa da shi. Na Inna Mu'minatu ɗoɗɗoya, na Goggo Yelwa barkono, wai masifaffiya ce. Adda Atu na zuba ruwa cikin lotsawarsu kowace safiya, tsuntsaye na sauka suna sha.

Su biyun suna tafe suna hira, ni ina bin su a baya da takalmi mai tsini yana nutsewa. Ka tuna ranar da Inna ta niƙa yatsanta a nan. Kin tuna akuyar da ta lashe ƙullun Goggo. Kowane dutse da labarinsa, ba ni a ko ɗaya. Shi da ba ya haɗa jimla uku a gabana, a nan baki har kunne.

Duwatsun gulbin guda biyu suna can gefe kusa da tsamiya, an kewaye su da tsakuwa. Na hango su tsaye a kansu suna magana ƙasa-ƙasa, ina isowa suka yi shiru. To na gane. Na Adda Atu ne. Dutsen niƙa bai ishe ta ba, sai an yi mata wurin zama kuma, dab da inda aka ce ɗakina.

Igiyar turakun gara ta cinye ta.

Litinin, 20 ga Afrilu 2020

An rufe makarantu saboda annoba, mun tattaro mun dawo Kebbe har a ga hali. A ɗakin Adda Atu nake kwana, shi a zaure. Shekara uku da aure na koma kwana da yayar miji.

Na ɗauka yanzu zan same shi. Ina! Daga asuba yana bayan jaki da mangala, yana kwaso duwatsu daga tudu. Yakan ɗauki dutse ya jujjuya shi, ya ajiye, ya sake ɗauka, yana neman fuskarsa, in ji shi. Wai kowane dutse da fuskar da yake son a nuna. In ya dace sai ya shafa shi da tafin hannu sau biyu, a hankali. Na tsaya ina kallon hannun har tuwo ya kama.

Juma'a, 10 ga Yuli 2020

Ina tsakiyar wani littafi mai daɗi, an zo inda za a san ko zai dawo mata, sai na tarar babu shafin ƙarshe. Adda Atu ta yage ta ƙulle irin lalle da shi. Ta ce ta ɗauka na gama, ai ta ga kullum shi nake riƙe.

Na kai ƙara. Ya je ya kwance ƙullin, ya juye irin a aljihu, ya kawo mini takardar duk ta yamutse, ya ce ga shi nan. Bai ce mata komai ba. Ni kuma na kasa karantawa don haushi. Har yanzu ban san ko ya dawo ba.

Lahadi, 7 ga Maris 2021

Khairat. Jiya aka raɗa suna. Hancinsa ne, bakina ne, Dada ta ce goshin na Inna Mu'minatu ne, ko a nan sai da aka raba da ni.

A Kebbe na haihu. Inda aka binne mabiyiya ya dasa lemun tsami, ya kewaye da fararen duwatsu ƙanana, ya ɗauke ta ya kai ta ya nuna mata, ita da ba ta gani. Na ji yana ce mata wannan wurinki ne.

'Yar kwana bakwai ta samu wuri. Astagfirullah, ɗiyata ce. Amma na rubuta, ba zan goge ba.

Asabar, 30 ga Oktoba 2021

Gulbi. Ban tambaya ba, bai faɗa ba, wandon ne ya faɗa.

Lahadi, 14 ga Agusta 2022

Yanzu har suna wurin ya yi. Lambun Malam. Mutane na zuwa daga Jabo da Sanyinna su leƙa. Ya yi 'yar hanya da faffaɗan duwatsu tana lanƙwasa tsakanin shuke-shuke, ya yi magudana wadda in an yi ruwa yake gangarowa hawa-hawa yana ƙara kamar ana zuba shayi. Amare na zuwa ɗaukar hoto. Amaren wasu, a lambun mijina, ni ina haya.

Yau Anisa ta zo ganin gida, ta matsa sai na kai ta lambun. Ta cire takalmi ta taka duwatsun, ta ce wayyo sanyi. Ta yi ta tambaya, shi kuma ya yi ta amsawa. Daga ina wannan, don me aka kwantar da wancan. Maganar da ya yi mata yau ta fi wadda ya yi mini tun azumi. Har ya tsinko mata ɗoɗɗoya ta shinshina.

Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce kin more, Rauda, ni tayil ɗina in rana ta yi kamar tanda. Na ce ai sai mu yi musanya. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi.

A hanya na ce masa ashe ya iya bayani. Ya ce ai ita ta tambaya. Na so in ce ni ma na taɓa tambaya, sau ɗaya, aka ce in jira lokaci. Iskar babur ta hana.

Laraba, 17 ga Agusta 2022

Na ce masa ko dai a cire turakun nan a dasa barkono, kowa ya huta. Ya ce kwarin saura hawa ɗaya. Bara ma saura hawa ɗaya ne.

Asabar, 4 ga Nuwamba 2023

Sun zama bakwai. Wannan na bana ya fi duka girma, baƙi wuluk, sai da aka ɗauko shi a amalanke yana ɗigar ruwa. Adda Atu ta shafa shi ta ce wannan kam ya yi. Ta dube shi, ya dube ta. Ni ina tsaye da Khairat a baya kamar mai tallan gyaɗa.

Dada ba ta jin daɗi.

Talata, 14 ga Nuwamba 2023

Dada ta rasu da hantsi. Allah ya jiƙanta. Shekaranjiya ina ba ta kunu ta ce mini har yau ban ga dutsenki ba, ɓarauniya. Ita ce maganar ƙarshe da ta yi da ni, kuma na ji haushinta. Yanzu wa zai kira ni haka.

Laraba, 22 ga Nuwamba 2023

Sai yau na iya rubutu.

Shekaranjiya aka yi addu'ar bakwai. Gida ya cika, maza a ƙofar gida bisa tabarmi, mata a ciki. Murhu biyu ba su isa ba, ga babbar tukunyar shinkafa da aka aro. Adda Atu ta ce in sa a kawo duwatsu uku a ƙara murhu. A gaban mata ta faɗa, da muryar nan tata ta mai gida. Wata baƙuwa ma ta tambaye ta ko ni 'yar taya aiki ce daga maƙwabta.

Na ɗauki baro da kaina. Akwai tarin marmara a bayan zaure, wanda ake murhu da shi. Na gan shi. Ba zan rubuta cewa ban gan shi ba. Na wuce shi na nufi tsamiya. Na ce a raina yau dai wurin zaman Adda Atu zai yi wa mutane amfani, in ya yi baƙin hayaƙi sai ta wanke, ai ta iya wanke dutse. Na gangaro da uku, har da baƙin nan na bana, sai da na kira wata mata ta kama mini. Kowa na hidima, ba wanda ya kula. Aka ɗora tukunya, na tura itace, na hura wuta da kyau.

Ni a kurfoti da risho na tashi. Ban taɓa haɗa murhu ba. Iyakar abin da na nufa su yi baƙi.

Ruwa ya fara tafasa sai ƙara kamar an harba bindiga. Yadda gari yake a shekarun nan, ba wanda ya tsaya tambaya. Maza suka watse daga tabarmi, wasu ba takalmi, liman ya tsallake katangar da ko ni ba zan iya ba. Mata na salati suna neman 'ya'yansu. Baƙin dutsen ne ya tarwatse. Tukunya ta karkata, kuma Khairat na tsugune kusa tana wasa da ludayi.

Ni ina tsaye, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Adda Atu ce ta yi tsalle ta fizge ta. Ruwan ya sauka a ƙafarta ta hagu, daga ƙauri har yatsu.

Khairat ko ƙwarzane babu.

Da aka gane ba hari ba ne mutane suka dawo suna dariyar kunya suna neman takalmansu. Shi kuma ya shigo, ya duba ɗiyarsa, ya ɗauki yayarsa a babur zuwa asibiti. Da ya dawo ya tsuguna gaban murhun, ya riƙa tsince gutsattsarin cikin toka yana zubawa a gaban rigarsa. Sauran biyun sun tsage, sun yi baƙi. Bai tambayi wa ya ɗauko ba. Baron na nan tsaye, da gyalena rataye a hannunsa.

Juma'a, 24 ga Nuwamba 2023

Ni ke wanke mata ƙafar, ni ke shafa maganin. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya hana ni.

Yau ina naɗa bandeji na ce mata ni na ɗauko su. Ta ce ta sani. Ta ce dutsen gulbi ba shi shan wuta, ruwa ke cikinsa, ko yaro ya sani. Na ce ni ban sani ba. Na ce na dai san nata ne, kuma da gangan na taɓa.

Ta dube ni ta ce:

"Nawa? Mi zan yi da su, ni da nike da dutsena? Tun shekarar da anka kawo ki shika ɗauko su, kowace kaka guda. Ranar da Dada ta yi miki dariya abin ya tsaya mishi. Ya ce tunda ba ki zo da dutse ba, shi za shi nemo miki. Dokin ƙofar ɗakinki ne, Rauda."

Na ci gaba da naɗi har bandejin ya ƙare ina naɗa iska.

Na tambaye ta me ya hana shi faɗa mini. Ta ce ta yi masa magana ba sau ɗaya ba, ya ce ai a littattafan nan da nake karantawa ba a faɗin abu sai ƙarshe, ya ga in an faɗa mini ƙarshe tun farko fushi nake yi.

Ya kamata in ji daɗi, ko kunya, ko duka biyun. Na ji su. Amma abin da ya fara zuwa, kafin su, shi ne: ita ta sani. Shekara bakwai ita ta sani, ni ban sani ba. Ta shafa su kafin ni. Allah ka shirye ni, matar da ta ƙone don ɗiyata.

Asabar, 25 ga Nuwamba 2023

Na same shi ƙarƙashin tsamiya da safe. Na shirya magana doguwa, na san yadda ake yinta, da durƙuso da hawaye. Da na iso duk ta gudu. Na ce Malam, kawai.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Saura fuɗu. Sun isa, in ƙofar ba ta cika faɗi ba."

Na ce shekara bakwai ya bar ni ina kallon turaku. Ya ce ya ɗauka ina ganin duwatsun na ƙaruwa. Na ce ina gani mana, shi ya sa.

Ya shafa wanda ke gabansa sau biyu. Mai farin zaren ne, na farko. Ban taɓa shi ba ranar nan, Allah ya taimake ni.

Asabar, 13 ga Janairu 2024

Ƙafar Adda Atu ta warke, amma tabon ba zai tafi ba, fari-fari kamar taswira. Khairat ta mayar da ita uwa, komai Adda, Adda. Ina jin abin. Ina haɗiyewa.

Gutsattsarin baƙin dutsen ya shimfiɗa su kewaye da lemun Khairat. Biyun da suka tsage ya bar su inda murhun yake, bai wanke ba. Wata mata ta tambayi labarinsu, Adda Atu ta ce wannan na Rauda ne, ita za ta ba ki. To ga shi na samu labari a gidan, irin wanda na samu ke nan.

Lahadi, 25 ga Fabrairu 2024

An haƙa harsashi. Da gaske. Na tsaya cikin ramin har maginin ya ce in ba shi wuri.

Lahadi, 9 ga Yuni 2024

Ranar Alhamis na je gidanmu. Ina zaune da Innata sai idona ya faɗa kan dutsen niƙan da ke danne kwanon akurkin kaji. Tun ina yarinya yake nan, ban taɓa tambaya ba. Ta ce na uwarta ne, da shi aka kai ta, ita ma da shi aka kawo ta, inji ne ya kashe masa kasuwa. Ɗan dutsen ma yana nan, da shi ake tokare ƙofar madafa. Na ce ta ba ni. Ta dube ni ta ce ke da ko daddawa ba ki iya niƙawa. Na ce a Kebbe wuta ba ta zama, bilenda ta zama kwalliya, ga lalle ya yi yawa ana asararsa. Dalilin ke nan, ba wani abu ba.

Motar kasuwa ta kai shi jiya. Malam ya sauke, ya jujjuya shi, ya tambaya a ina. Na ce ko'ina. Ya nufi gindin zogale, na ce ba nan ba, rana na dukan wurin da yamma. Ya nufi bakin magudana, na ce nan ya yi kusa da na Goggo Yelwa. Ya tsaya da shi a hannu yana haki, ya ce to ina ne ko'inan. Na nuna masa. Dama da ƙofar ɗakin, inda in na zauna bisa dokin ƙofa ƙafata za ta kai. Ya ajiye. Na ce ya juya shi, ba wannan ce fuskarsa ba.

Ya dube ni. Adda Atu ta shige ɗaki tana tari irin na Dada.

Ɗakin saura rufi. Dokin ƙofar an riga an kafa, huɗu ne, ƙofar ba ta cika faɗi ba.

Na zo da littafi a jaka, sabo, ban buɗe ba tukuna, hidima ce ta yi yawa. Yau da safe na riga Adda Atu tashi, na ga randa cike, na ce bari in rage mata aiki saboda ƙafa. Na zuba wa na Dada, na Inna Mu'minatu, na Goggo, nata. Ragowar na juye a nawa don kada ya lalace.

Tsuntsayen sun fara sauka a nata, sabo ne. Daga baya suka gano nawa, kuma ya fi zurfi, sun fi daɗewa a kai.

Ba wai ina ƙirgawa ba ne.